Wata 14 Ina Bin Fayil ɗin Kunyar Titi

Garinmu yana kan ɗaya daga cikin titunan gwamnatin tarayya da suka fito daga Kano, kuma kwaltar ta raba shi gida biyu. Firamare da asibitin sha-ka-tafi da masallacin Juma'a suna arewa da titi, kasuwa da tasha da famfon burtsatse suna kudu. Duk wanda ya kwana a garin sai ya tsallaka, yaro ko tsoho, wani sau biyar a wuni. Kasuwarmu ranar Talata take ci.

Wata Talata, saura 'yan kwanaki a kama azumin 2024, wata yarinya mai tallar awara ta ɓullo ta bayan wata bas da ke lodi a bakin titi, wata ƙaramar mota ta taho a guje ta kwashe ta. Ina aji lokacin. Abin da na tarar da na iso shi ne farin bokitin roba a kife, awara a warwatse har tsakiyar kwalta, ƙullin yaji, da silifa ƙafa ɗaya. Ba ta kai asibiti da rai ba. Direban kuwa da ƙyar ya sha, dagaci ne ya jefa shi zaurensa ya tsaya a bakin ƙofa da kansa.

A daren nan samari suka fito da shebur da baro. Kafin asuba an tayar da tudun rage gudu guda biyar, wanda mu muke kira kunya saboda kamarsa da kunyar gona: jar ƙasa ce aka jibga a kan gungumen darbejiya. Ba wanda ya hana su. Ni ma na ɗauki shebur, ba zan ɓoye ba. Ba a yi sati biyu ba wani bawan Allah ya taho da daddare a kan babur, ya goyo matarsa, bai san da kunyar ba, ya hau ta farko da gudu. Matar ta karye a hannu. Bayan kwana kaɗan sifirin wata tirelar siminti ya tsinke a kan ta uku, ta toshe rabin hanya. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Dagaci ya aiko a kira ni, saboda ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban gari. Ya ce, "Malam, kai ne mai biro. Rubuta wa ƙaramar hukuma su zo su yi mana ta kwalta, irin ta cikin birni." Na ce, "To, ranka ya daɗe." A raina ina ganin aikin sati biyu ne.

Takardar koke tana da hanyarta. Dagaci ya sa hannu, na kai wa hakimi ya ɗora tasa wasiƙar a kai, sannan ta tafi sakatariya. Wanda ya tsallake hakimi, takardarsa za ta dawo masa ne ta hannun hakimin. Wani tsohon masinja a ofishin karɓar wasiƙu ya yi min wata karamci da ban san darajarta ba sai daga baya: ya ce in yi kwafi uku, kuma kar in bar wurin sai an buga min hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kan nawa. Daga nan fayil ya hau wurin sakatare, ya shiga wurin kantoma, don a lokacin shugaban riƙo ne ke kan kujera, kantoma ya yi rubutu layi ɗaya a gefe ya tura sashen ayyuka. Wannan 'yar tafiyar da ba ta wuce taku talatin ba a cikin gini ɗaya, sati uku ta ci.

Injiniyan sashen ayyuka mutum ne mai sanyin magana. Ya karɓi ambulan ɗina ya juya bayanta, ya rubuta A da B da C. Ya ce titunan Najeriya kashi uku ne: na A na gwamnatin tarayya, na B na jiha, na C na ƙananan hukumomi. Na tarayya kimanin kilomita dubu 35 ne, na ƙananan hukumomi 774 kuwa sun kai kusan kashi biyu bisa uku na duk titunan ƙasar, sai dai yawancinsu burji ne da hanyoyin ƙauye. Namu na A ne. Gina shi aikin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne, wadda take da kwanturola a kowace jiha, facinsa kuma aikin FERMA ne, hukumar da aka kafa a 2002. Ya ce, "Malam, ko cokali ɗaya na kwalta na zuba a titin nan ba da izini ba, ni za a tuhuma. Titi ba namu ba ne."

Na fito raina a ɓace. Titi ba naku ba ne, amma mu da muke mutuwa a kai ai naku ne. Haka na yi ta faɗa wa duk wanda na haɗu da shi a majalisa, kuma wannan maganar ta yi min daɗin baki har na kusa tsayawa a kanta. Injiniyan dai kafin in fita ya ce in je in ga 'yan rod sefti, domin takardar da babu rahotonsu a jiki ba ta da nauyi a wurin kwanturola.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato rod sefti, tun 1988 take, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, dokar da take aiki da ita yanzu kuma ta 2007 ce. Kowace jiha tana da babban kwamanda, a ƙarƙashinsa akwai ƙananan ofisoshi a bakin manyan hanyoyi. Wanda yake kula da mu yana wata ƙaramar hukumar ne, kuma yankinsa ya haɗe ƙananan hukumomi uku. Kwamandan ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya tambaye ni: hatsari nawa aka yi a garin cikin shekara biyu, a daidai ina, wace rana, ƙarfe nawa? Na ce suna da yawa. Ya ce "suna da yawa" ba ya shiga fayil. Ya nuna min allon da ke bangonsa: a cikin gari ƙaramar mota da bas kilomita 50 a awa ne iyakarsu, tanka da tirela 45. Ya ce direba ba zai sauko zuwa 50 ba in babu abin da ya nuna masa cewa ya shigo gari, kuma ko ya sauko, yaron da ya fito ta bayan mota a tsaye ba a ganinsa sai an zo kansa.

Na sayi littafi mai sittin. Na bi masu unguwanni, na bi mai kemis ɗin da ake fara kai wa masu rauni, na bi liman don shi ya san jana'izar da ya sallata, na bi sarkin tasha. Kowa ya tuno abin da ya tuno, muka riƙa daidaita lokaci da sallah ko damina ko bikin wane. Sannan Talata shida a jere ni da 'yan agaji biyu muka zauna a ƙarƙashin wata bishiya daga azahar zuwa isha muna rubuta abin da muka gani. Da na zauna na tattara, sai abin ya ba ni kunya, ta gaske ba ta titi ba. Kusan duk abin da ya faru, tsakanin bakin tasha da layin 'yan gwari ya faru, wurin da bai fi tsawon filin ƙwallo biyu ba. Kusan duk ranar kasuwa ne, daga la'asar zuwa bayan magariba. Uku daga cikin kunyoyinmu biyar ba ma a wurin suke ba; samari sun yi su ne a ƙofar unguwanninsu.

Kwamandan ya zo da kansa wata Talata. Bai je fada ba sai da ya taka wurin da ƙafa. Tebura sun cinye kafaɗar titi gaba ɗaya, kwandunan tumatur har kan kwalta, bas-bas suna lodi a jere, 'yan kamasho suna ta kiran fasinja, 'yan acaɓa sun yi dafifi a bakinsu, mai tafiya a ƙasa ba shi da inda zai sa ƙafa sai tsakiyar hanya. Ya tsaya gaban wani dattijo mai tumatur ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wa ya ba ka izinin kasa kaya a nan?" Dattijon bai ce komai ba. Ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar takarda a ninke da gumi ya jiƙa, ya miƙa masa. Rasit ne na kuɗin kasuwa, da tambarin ƙaramar hukumarmu, na ranar. Kwamandan ya miƙo min, ya ce in haɗa da littafina.

A daren na nemo kundin tsarin mulki na 1999 a waya, na karanta Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Kasuwanni da tashoshin mota suna ciki. Titunan cikin gari da fitilun kan hanya da magudanan ruwa suna ciki. Har lasin keke da amalanke da baro. Wato kwaltar ce kawai ta Abuja. Duk abin da yake tura mutane kan kwaltar, na sakatariyarmu ne, har ana karɓar kuɗinsa ana ba da rasit. Injiniya bai yi ƙarya ba da ya ce titi ba nasu ba ne, ni ma ban yi ƙarya ba, amma daga ni har shi mun zuba wa titin ido mun bar gefensa.

Na sake rubuta wata takardar, wannan karon ba kunya na roƙa ba, zama na roƙa. Sai siyasa ta shigo. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma shugabannin riƙo ba su da hurumin karɓa. Jihohi suka shiga shirin zaɓe, kantomanmu ya san kwanansa ya ƙare, ba wanda yake buɗe fayil. Da sabon ciyaman ya hau, aka nemi fayil ɗinmu sama ko ƙasa aka rasa. Kwafin nan mai hatimi shi ya cece mu. Allah ya saka wa masinjan nan da alheri.

Abin da ya buɗe ƙofar ciyaman ba rubutuna ba ne. Ranar 15 ga Oktoba tankar mai ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, mutane suka fito kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Majiya ma garin bakin titi ne kamar namu, tankokin da suke wuce su irinsu ne suke wuce mu. Bayan wannan ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Cikin sati biyu aka kafa kwamiti: ciyaman, hakimi, kansilanmu, injiniya, jami'in kuɗin shiga, DPO, kwamandan rod sefti, sarkin kasuwa, sarkin tasha da shugaban ƙungiyar direbobi ta NURTW na reshe, shugaban 'yan acaɓa, hedimasta, shugabar mata, sai ni mai rubutu.

Zaman farko shi ne ya fi koya min abu, domin kowa ya zo da gaskiyarsa. Sarkin tasha ya ce, "Yallaɓai, ba don son ranmu muke lodi a titi ba. Bakin tasha babu kwalbati, da damina mota in ta shiga sai an turo ta. Kuma in muka shige ciki, masu motocin gida su tsaya a titi su kwashe mana fasinja, wa zai hana su?" Sarkin kasuwa ya ce ɗan gwari kayansa ba ya kwana, dole ya tsaya inda matafiyi zai gan shi daga cikin mota. Jami'in kuɗin shiga ya ce shi an ɗora masa abin da zai kawo duk wata, ba a ce masa ga inda kasuwa ta tsaya ba. Shugabar mata, wadda aka ajiye a can ƙarshe kusa da ƙofa, ta ce 'yan talla ba titi suke bi ba, mota suke bi. Inda aka tsayar da mota nan za su je, ko a tsakiyar kogi ne. A ganina ita ta fi kowa faɗar magana a ranar.

Sai shugaban direbobi ya kawo abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Ya ce direbobin da suke cin kasuwarmu ranar Talata su ne suke cin ta maƙwabtanmu na gabas ranar Alhamis, su ci ta yamma ranar Lahadi. Mutum yana son ya yi sawu uku kafin dare. Mintunan da kunyoyinmu biyar suka cinye masa, a miƙaƙƙiyar hanyar da ke gabanmu yake fanshe su, ga kuma kwana mai gada a ƙarshenta. DPO ya gyaɗa kai. Gadar nan ita ce iyakarmu da ƙaramar hukumar gabas. Kowa a ɗakin ya tuna tirelar da ta mutu a kanta ta yi kwana huɗu, ba alamar komai sai ganyen darbejiya da yaron mota ya jera a kan kwalta, ganyen ya bushe iska ta kwashe, mu muna cewa a ƙasarsu take, su suna cewa a tamu. Ashe gudun da muka kora daga ƙofarmu, ƙofar maƙwabci muka kai shi.

Ciyaman ba ya kiran ciyaman ɗan'uwansa taro kamar yaronsa. Sai da aka bi ta hakimai, aka kuma bi ta ƙungiyar shugabannin ƙananan hukumomi, ALGON, reshen jiha. Wallahi an ɓata lokaci a kan sunan wa zai fara zuwa a saman takarda fiye da yadda aka ɓata a kan gadar. A ƙarshe aka ce zaman farko a harabar ofishin rod sefti za a yi, tunda ba gidan kowa ba ne, sauran kuma a riƙa zagayawa. A nan kwamandan ya gaya mana cewa ƙasa tana da tsarin kiyaye haɗurra na 2021 zuwa 2030, akwai majalisar ba da shawara da mataimakin shugaban ƙasa yake jagoranta, ana kuma so jihohi su kafa irinta, burin kuwa irin na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, a rage mace-macen hanya da rabi kafin 2030. Na kalli kujerun roba da ledar fiya wata da ke gabanmu, na ce a raina, to ga inda tsarin ya sauko ƙasa.

Abin da aka amince ba wani babba ba ne. Kowace ƙaramar hukuma za ta zuba wa motar sintiri mai ranar kasuwarta, don ta tsaya a garin daga la'asar. Motar da ta mutu tsakanin garuruwan uku, a ɗauko janwe a raba kuɗin uku, a karɓa daga mai motar daga baya. Wanda ya ji rauni a kai shi asibiti mafi kusa, ba sai an tambayi ƙasar wa ya faɗi ba. Aka buɗe zauren WhatsApp, aka rubuta lambar gaggawa ta rod sefti, 122, a bangon kowace tasha. Sannan takarda ɗaya mai sa hannun ciyamomi uku, da rahoton kwamanda da kwafin littafina a jiki, ta tafi ofishin kwanturola.

Tana can sai ga labari a rediyo, a watan Disamba, cewa ministan ayyuka David Umahi ya ba da umarnin a cire kunyoyin da aka yi barkatai a titunan tarayya, mai son a yi masa kuma ya nema ta hannun kwanturola. Mu dai Allah ya sa mun riga mun shiga layi. Bayan sabuwar shekara injiniyoyi biyu suka zo da abin awo mai taya, suka auna, suka duba inda direba yake fara hango kasuwa. Cikin biyar da muka nema biyu aka ba mu, ɗaya kafin tasha, ɗaya bayan 'yan gwari, da sharaɗin ta kwalta ce mai faɗi mara tsini, a shafa mata fenti, a kafa allon gargaɗi tun daga nesa, kuma a kwashe namu na ƙasa duka.

Kwashewar nan ita ta fi komai wuya. Samari suka ce sai dai a bi ta kansu, an sayar da jinin yarinya. An yi zama biyu a ƙofar fada ba a daidaita ba. A na uku mahaifin yarinyar ya zo, mutum ne da ba ya magana a taro. Ya ce shi dai ya san bas ce ta tare wa 'yarsa gani, kuma bas ɗin har yau tana lodi a wurin. Ya ce a matsar da motocin, kunya ko ɗaya ce ta ishe shi. Washegari da safe aka fito da shebur ɗin da aka gina su da shi.

Aikin ƙaramar hukuma ya zo a gutsuttsure, domin ma'aji ya ce shi hukuncin kotu a rediyo ya ji shi, bai gan shi a asusu ba tukuna. An fara da kwalbatin bakin tasha da tifa shida ta burji. Aka ja layi a bayan lambatu, aka ce daga nan kasuwa ta fara, mai yankan rasit ba zai ƙara yankar wa wanda ya kasa kaya a gaban layin ba. Aka kafa fitilun sola huɗu. Wanda ya fi ba ni mamaki saboda arahar sa shi ne na hedimasta: aka toshe ƙofar firamare mai kallon titi da bulo, aka fasa wata ta cikin lungu, yara suka daina fitowa da gudu kai tsaye kan kwalta in an tashi. Shekara nawa ina wuce ƙofar nan ban taɓa ganin laifinta ba. Kunyoyin kwalta biyu kuwa sai bayan ƙaramar sallah ta 2025 aka zuba su, wata 14 daga ranar da dagaci ya ce ni ne mai biro.

Maƙwabtanmu na yamma wata biyu suka ba da kuɗin mai suka yi shiru, har yanzu ana bi. Fentin kunyar gabas ya fara dushewa. Allon gargaɗi ɗaya an wayi gari babu shi, ana zargin 'yan jari-bola. Talatar da ta wuce na tarar da tebura biyu sun tsallako lambatu sun dawo bakin kwalta, ɗaya na dattijon nan ne mai rasit a hula. Na gaishe shi na tsaya ina kallon kwandon. Ya ce, "Malam, yau kaɗai ne, tumatur ɗin ya nuna da yawa." Na taya shi muka ja tebur ɗin baya, na sayi na ɗari biyar, na rubuta a littafi. Zama na gaba a sakatariyar gabas ne ranar Alhamis, kuma takardar neman sabon allo tana cikin jakata, kwafi uku.